Jirgin Injiniya Yana Hanya

Asabar, da hantsi

Baffa Nuhu ya ce aikina ɗaya ne: in zauna kusa da waya, in tabbatar cajinta bai ƙare ba. Idan ta yi ƙara kada in ɗauka, in aika a kira shi daga ƙofar gida. Shi ne ƙanen mahaifin mai gidana, kuma shi dangi suka zaɓa ya riƙa magana da waɗanda ke riƙe da shi idan sun kira. Ni Salima, da nake tsawata wa aji guda na 'yan firamare su yi tsit, yau an mayar da ni mai gadin waya.

Duk gidan nan ɗakin Injiniya ne kaɗai sabis ke shiga, a bakin taga, nan kuma batirin sola yake. Haka mutanen Ƙaura ke kiran mai gidana saboda shi ke haɗa musu sola. Ni ma haka nake kiransa, da farko don tsokana, daga baya ya bi bakina. Ranar Talata ya hau babur zuwa Galadi ta Shinkafi, zai haɗa wa wata rijiyar burtsatse wuta. Ya ce in ajiye masa tuwo. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan ranar Talata.

Asabar, bayan la'asar

Waya ba ta yi ƙara ba.

Lahadi, bayan azahar

Mata sun cika tsakar gida tun safe. Kowace ta shigo sai ta ce Allah ya bayyana shi, in ce amin, ta zauna ta ba ni labarin wani ɗan uwanta da ya dawo, ko wanda bai dawo ba, ita dai ba ta zaɓe. Da bakina ya gaji da amin sai na ce zan duba waya, na shige ɗaki na turo ƙofa.

Kwamfutarsa tana kan tebur yadda ya bar ta. Na buɗe ta don kawai hannuna ya sami abin yi, sai ga wasan nan nasa.

Wasan tuƙa jirgi ne a sararin samaniya, daga tauraro zuwa tauraro, kuma ba ya buƙatar sabis. Ya daɗe yana fama da shi duk sanda ya dawo aiki, ni kuma ina yi masa dariya: mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba, wai shi ne kwamandan jirgi. Yakan ce, "Malama, zo ki ga inda nike," in ce idan ya isa ya gaishe su. Akwai tashar da jirgin ke kwana, nan yake sauke kaya ya sha mai, ya raɗa mata suna Ƙaura. Ana gobe zai tafi na ji yana tsaki. Ya ce ya yi nisa da yawa, mai ya yi ƙasa, kuma irin wasan da ya zaɓa ba a sakewa: idan mai ya ƙare a hanya, jirgi ya tafi ke nan da duk abin da ya tara. Ya ce sai ya dawo daga Galadi zai zauna a natse ya kai shi gida.

To ga jirgin nan a tsaye cikin duhu, kusa da wani jan tauraro mai kama da garwashin da ya kusa mutuwa. Gejin mai bai kai rabi ba. Na daɗe ina kallonsa, har na ji tausayinsa, jirgin da ko ƙarfensa babu a duniya.

Litinin, da safe

An yi ruwa da asuba. Waya ba ta yi ƙara ba.

Litinin, bayan la'asar

Na gano madannin da ke buɗe taswira. Ni fa taswira ba baƙuwata ba ce. Akwai ta Najeriya a bangon ajina, arewa a sama, kudu a ƙasa, mu can saman hagu, kuma na sha dukan tebur a kanta. Na ɗauka irinta zan gani. Sai na ga ɗigo-ɗigo barkatai a kan baƙi, ba kogi, ba iyaka, ba hanya. Jirginsa wata shuɗiyar alama ce. Ƙaura kuma koren zobe ce can gefe, tsakaninsu bai fi tafin hannuna ba. Na ce ashe ma kusa ne, me ya hana shi ƙarasawa?

Jirgin ba ya tafiya a miƙe. Tsalle yake yi daga wannan tauraro zuwa wancan, kuma akwai iyakar nisan da zai iya a tsalle ɗaya. Na danna wani tauraro da ke manne da shi, wasan ya rubuta da Turanci cewa ya yi nisa. Na danna wani can gefen allo, ya ce wannan za a iya. Na sake gwadawa, haka dai. Na ce ko dai wasan nan ya lalace ko raina mini hankali yake yi, na rufe shi.

Talata, bayan azahar

Yau Talata ta zagayo.

Inna ta shigo ɗakin. Surukata ce, sunanta Tambari. Tun bara ta taso daga Badarawa ta dawo wurinmu, lokacin da mutanen garinsu suka daina kwana a ɗakunansu. Injiniya shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Idan tana son a ba shi abinci sai ta ce, "A kai ma wancan." Idan da ni take magana, "mijinki." Tun da abin ya faru ba ta tambayi kowa komai ba. Tana ƙarƙashin rumfa tana tsince wake, waken da ta riga ta tsince jiya. Mata suna ta cewa Inna akwai tawakkali. Ni kuwa haushinta nake ji a raina, Allah ya yafe mini.

Ta ce zafi ya koro ta, fanka ta zo sha. Ta zauna a tabarma ta juya wa kwamfuta baya. Can sai na ji ta ce, "Mi an nan?"

"Taurari na, Inna. Wasan da shike yi."

"Na mijinki?"

"Nashi na."

Ta juyo ta ƙura wa allon ido. "To ina gabas?"

Na ɗaga yatsa zan nuna mata dama yadda nake nuna wa yara, sai na tsaya. Na ce, "Babu gabas nan, Inna."

"Wuri babu gabas? To in salla ta yi, ina mutum ka huskanta?"

Na yi dariya, ta farko tun wancan makon. Garin dariyar hannuna ya danne maus, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, ta ɓangaren dama, na ja shi ban sani ba. Sai sama gaba ɗaya ta juya. Taurarin da na ɗauka shimfiɗe suke kamar zane a bango suka rabu, wasu suka matso gaba, wasu suka zurma can ciki. Wanda jiya na rantse manne yake da jirgin, ashe yana can baya da nisa, kallonsu ne kawai ya zo a layi ɗaya. Kaina ya juya har na dafa tebur. Koren zoben ma da na ce tafin hannu ne, da na karkata taswirar sai ya nutse ƙasa, ya yi ta nutsewa.

Inna ta ce, "Ashe da nisa."

Ta tashi ta fita, ta manta ba a ma kunna fankar ba.

Laraba, da hantsi

Ta yi ƙara.

Na aika, Baffa ya shigo da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, ya fizge ta ya fita bayan katanga. Ina jin muryarsa daga taga, ƙasa-ƙasa, yana ta cewa to, to, ranka shi daɗe. Baffa Nuhu direba ne a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi tun kafin a haife ni, ban taɓa jin ya lallaɓa wani haka ba.

Da ya dawo ya miƙo mini wayar ya ce, "Shina lahiya. Na ji muryatai."

Na ce, "Baffa, mi yac ce?"

"Ke dai ki yi ta addu'a."

Shi ya ji muryar. Ni aka ba wa wayar in sa a caji, da ɗuminta.

Alhamis, bayan la'asar

An fita da shanun huɗar gidan Baffa da sassafe. Ban tambayi inda za a kai su ba. Motarsa ma ba ta ƙofar gida.

Na yi tsallen farko. Na zaɓi tauraron da ya fi fuskantar Ƙaura, na danna, allo ya yi fari, sai ga jirgin a wani wuri. Zuciyata ta buga kamar na yi sata. Na yi na biyu, na yi na uku. Hankalina yana kan zoben, ban kula da geji ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na yi ɓarna.

Ashe ba kowane tauraro ke ba da mai ba. Jirgin yana matsawa kusa da farare da masu ruwan ɗorawa ya sha daga zafinsu, amma jajaye masu duhu ba sa ba da komai. Yana nan a rubuce a gefen allo, ni ce ban karanta ba, ni mai cewa yara su karanta tambaya kafin su amsa. Duk tsallen da na yi a kan jajaye na sauka. Yanzu gejin ya sauko kusa da ƙasa, ya koma ja, kuma duk wani tauraro da ke gabana a hanyar gida ja ne.

Shi da ya bar shi a tsaye, aƙalla da ransa ya bar shi. Ni na zo da gaggawata na ƙara tura shi daji.

Na san wasa ne. Na san babu abin da ya haɗa jirgin nan da inda yake, na yi istigfari a kan tunanin da ya zo mini. Amma tsoro nake ji.

Asabar, da safe

Ban buɗe ba. Waya ba ta yi ƙara ba.

Lahadi, da safe

Ban buɗe ba.

Lahadi, bayan la'asar

Inna ta sake zuwa shan fanka. Ta kalli kwamfutar a rufe, ta kalle ni.

"Kin bar shi can?"

Na ce mai ya kusa ƙarewa, kuma laifina ne, tsoro nake ji in ƙarasa kashe shi.

"To in kin bar shi, wa ka zuwa ɗaukar shi?"

Na buɗe. Muka zauna mu biyu muna kallo. Ina ta danne-danne sai na kunna wani abu da ban san da shi ba: wata shimfiɗa mai layi-layi ta bayyana a tsakiyar taswirar, daga kowane tauraro kuma wani siririn layi ya sauko ko ya hau ya taɓa ta. Na tsaya ina neman bayani a rubuce. Inna ta matso har numfashinta yana taɓa kafaɗata.

Ta ce, "Wagga gona ta. Waɗanga na bisa gero na, ga karansu nan, wani dogo wani gajere. Waɗanga na ƙasa gujiya ta."

Haka ne kuwa. Shimfiɗar ita ce ƙasa. Tsawon kara shi ke nuna yadda tauraro ya yi sama, na ƙasa kuma yadda ya nutse. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina juya taswira, ita tana nuni da tsinken sakace. A gaba babu komai sai ja. Amma a sama da mu, can baya, akwai wani mai ruwan ɗorawa a kan dogon kara. Da taswirar tana kwance ba ya ganuwa sam, jirgin ya rufe shi. Wasan ya ce man zai kai, da ƙyar.

Na ce, "Inna, wanga baya shike. Nisa za mu ƙara."

Ta ce ai ko ranar da ta baro Badarawa ba ta miƙe hanya aka bi da ita ba, sai da aka zaga ta wajen Zurmi, kuma ga ta nan ta iso.

Na danna na rufe ido. Da na buɗe, haske ya cika allo, gejin yana hawa a hankali. Inna ta ce, "Mi ta ce?" Na ce kwamfutar ta ce yana shan mai. Ta ce, "Shi sha," ta gyara ɗaurin kallabinta.

Litinin, bayan azahar

Hadari ya rufe rana tun jiya, batir bai cika ba. Baffa ya shigo duba waya ya same ni da kwamfuta a kunne. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Salima, mijinki na inda shike, ke kina nan kina wasa? In wuta ta ƙare sunka kira hwa?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta yi mini zafi. Na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama, sai Inna ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Ni nac ce ta buɗe, Nuhu."

Ya juya ya kalle ta. Ban san abin da ya gani a fuskarta ba. Ya sauke murya ya ce a dai riƙa cika wayar tukuna, ya fita. Yanzu mun yi doka: waya sai ta cika, sannan jirgi ya tashi. Fanka kuwa an daina kunna ta gaba ɗaya, amma Inna ba ta fasa zuwa shanta ba.

Laraba, da hantsi

Ta yi ƙara jiya da yamma. Yau da sassafe wasu mutum biyu suka tafi a babur da abin da aka haɗa, a ƙunshe cikin buhu. Baffa ya raka su har bakin gari. Ya ce nan da jibi za a sako shi in sha Allah.

Na share ɗaki. Na wanke masa kaya, har waɗanda suke a wanke.

Laraba, bayan la'asar

Hannuna ya fara sabawa. Kafin kowane tsalle ina juya taswirar sau biyu, in kalle ta ta sama, in kalle ta ta gefe, don abin da ya yi kusa ta nan yakan yi nisa ta can. Ina duba launi kafin nisa. Ba na sauka inda ba zan iya tashi ba. Na kuma daina neman arewa. Yanzu abin da nake tambaya shi ne ina nake, ina gida, me ke tsakaninmu.

Idan ya dawo ba zan faɗa masa ba. Zan bari ya buɗe da kansa ya tarar da jirginsa a tasha, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Sannan in ce masa kwamanda, ashe abin ba wuya.

Juma'a, bayan magariba

Jibin ta zo. Masu babur sun dawo su biyu kamar yadda suka tafi. An ce a ƙara jira.

Asabar

Waya ba ta yi ƙara ba.

Lahadi

Ba ta yi ba. Na cire ta daga caji na mayar. Na kira ta da tawa don in tabbatar tana aiki, ƙararta ta sa Baffa ya shigo a guje. Ban iya kallonsa ba.

Talata, bayan azahar

Gwaggo Rukayya, yayar Inna, ta iso daga Zurmi. Muna zaune a tsakar gida da mata ta yi sallama. Ko mayafi ba ta sauke ba ta nufo ni, ta kama hannuwana biyu.

"Salima, ya haƙuri? Ya munka ji da haƙuri? Allah shi jiƙan—"

Wata ta ce, "Gwaggo." Wata ta ja mata zane. Kowa ya san wannan gaisuwar ba ta jaje ba ce. Gwaggo ta dubi fuskoki, ta ga babu tabarmi a waje, babu masu tasbaha, ta saki hannuna ta ce, "Wai ba a... Can Zurmi haka anka hwaɗi."

Aka kira Baffa. Ya rantse jita-jita ce, ya ce mutanen Zurmi sun kashe mutum nawa da baki kuma ga su nan suna yawo a kasuwa. Ya yi wa Gwaggo faɗa kamar ba ta girme shi ba. Duk wannan faɗan bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya.

Inna ba ta ɗaga kai daga faifanta ba. Da na wuce ta kusa da ita na ga babu wake a ciki, yatsunta kawai ke tafiya.

Laraba, da safe

Jita-jita ce. Baffa ya rantse.

Laraba, bayan la'asar

Akwai wani rami a taswira, fili babu tauraro ko ɗaya, tsakanina da yankin da Ƙaura take. Na yini ina neman hanyar tsallake shi. Ta gaba babu, ta sama babu. Sai da na kifar da taswirar gaba ɗaya na kalle ta daga ƙasa, na ga wasu 'yan taurari a jere can ƙarƙashi, masu tsawon saiwa. Za a nutsa, a bi ta ƙasan ramin, a fito ta ɗaya gefen.

Inna tana zaune a bayana. Ba mu yi maganar Gwaggo ba. Duk tsallen da na yi sai ta ce, "Mi ta ce?" in fassara mata: ta ce mun iso, ta ce akwai zafi a ja baya, ta ce mai ya cika. Ita kuma ta ce to. Yau ta kawo mini fura har ɗaki ta tsaya sai da na sha.

Na daina jin haushinta. Kunya nake ji da na taɓa ji.

Asabar, da hantsi

Jatau ya fito. Mutumin Galadi ne, shi ya zo ya ɗauki Injiniya aikin, tare suka hau hanya ranar. Aka kawo shi gidan nan a mota don ƙafafunsa ba sa takawa. Suka shige zaure da Baffa da liman suka ja labule.

Ni na kai ruwa, na ƙi bari wata ta kai. Ya rame har ban gane shi ba. Ya karɓi kofin da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Malama, mijinki ya riƙe ni can. Allah shi saka mai." Liman ya ce in je, za a neme ni.

Ban tsaya a bayan labule ba. Da ƙafata na koma ɗaki, na buɗe taswira, na yi ta juya ta ba tare da na danna komai ba.

Asabar, bayan la'asar

Baffa ya shigo, ya tsaya a bakin taga. Ya zare wayar daga caji, ya naɗe igiyar a hannunsa a hankali. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, ɗiyata. Ki huta hakanan."

Ya sa ta a aljihu.

Lahadi, da safe

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Lahadi, bayan azahar

Maza sun yi sahu a fili sun yi sallar da ba ruku'u. Babu abin da aka ajiye a gabansu. Daga taga nake ganin bayansu.

Gwaggo Rukayya ta cire mini 'yan kunne da awarwaro, ta ƙulle su a gefen zaninta. Yanzu kowa yana yi mini gaisuwar da ta yi, ba mai ja masa zane.

Litinin, bayan la'asar

Tsakar gida ba masaka tsinke. Tun jiya Inna ke zaune a tsakiyar mata, ana yi mata gaisuwa tana amsawa, idonta a bushe. Na ji wata tana cewa ai ɗan fari ne, dole ta daure. Ni ina ɗaki, an ce nan zan zauna.

Ana idar da la'asar ta shigo, ta tura ƙofa ta sa sakata. Ba ta ce fanka ba. Ta ce, "Saura nawa?"

"Guda, Inna."

"Kai shi gida."

Na ce mata za su ji ƙara, za su ce matar mamaci tana wasa tun ba a yi uku ba. Ta ce su ce.

Na buɗe. Koren zoben yana nan dab da mu, na juya taswirar ta sama, na juya ta ta gefe, ta ko'ina kusa ne. Na danna. Allo ya yi fari, sai ga tashar, wani ƙaton abu mai fitilu yana juyawa a hankali. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Wasan da kansa ya karɓi tuƙi, ya ja jirgin ciki, ƙofa ta rufe a bayansa. Gurnanin injin da na saba ji a ɗakin nan ya yi ƙasa, ya ɗauke. Sai rubutu ya fito, layi ɗaya.

"Mi ta ce?"

"Ta ce sannu da dawowa."

Inna ba ta yi boko ba. Amma ta miƙa yatsa ta ɗora a kan kalmar ƙarshe.

"Wanga hwa? Na san shi, shina ga allon shagonai. Ba ki karanta shi ba."

"Inna."

"Karanta duka, ɗiyata."

Ni ma ban taɓa faɗinsa a gabanta ba. Na karanta: "Sannu da dawowa, Kwamanda Shamsu."

Ta gyara zama, ta fuskanci allon sosai, ido cikin ido. Ta yi magana da muryar da ake tarbar matafiyi.

"Sannu da zuwa, Shamsu. Ka sha hanya."

Ta sake cewa, "Shamsu," a hankali, kamar tana ɗanɗana shi. Ta sake faɗi. A na huɗu muryar ta karye, ta kifa kanta a cinyata, jikinta duka yana girgiza, ni kuma na riƙe ta.

Wata ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce mutanen Banga sun zo gaisuwa. Babu wadda ta tashi a cikinmu.